Babi na Biyar: Littafi a Hannun Ɗalibi

Ƙorafin da aka fi ji a bakin malamai da iyaye a ƙasar Hausa shi ne cewa yaran zamani sun juya wa karatu baya, kuma akan ɗora laifin a kan waya da finafinai da kallon ƙwallo. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe, wato iya karatu da son karatu. Iya karatu shi ne yaro ya dubi baƙaƙe da wasula ya haɗa su, ya fitar da kalma da jimla, ya kuma fahimci abin da suke nufi ba tare da wahala ba. Son karatu kuwa ɗabi'a ce da takan sa mutum ya ɗauki littafi ba don an tilasta masa ba, ya zauna da shi har ya kai ƙarshe, sannan ya nemi wani. Makaranta ta daɗe tana ɗaukar na farko a matsayin aikinta, tana barin na biyu ga sa'a, alhali darasin adabi shi ne wuri ɗaya tak a jadawalin makaranta da aka keɓe domin ɗalibi ya haɗu da littafin da aka rubuta don a ji daɗinsa. Idan wannan darasi ya koma haddar bayanai saboda jarrabawa, to babu wani darasi da zai maye gurbinsa.

Waɗanda suka assasa rubutaccen zube na Hausa sun fahimci wannan tun da wuri. Al'ummar Hausawa ta saba da karatu da rubutu ƙarnuka kafin zuwan Turawa, domin malamai sun yi ta wallafa littattafai da Larabci, sun kuma rubuta waƙoƙin wa'azi da na fiƙihu da na yabon Annabi da ajami, wato Hausa cikin haruffan Larabci, har Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru wanda jajogi mata suke kai waƙoƙinta ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata. Abin da ya yi ƙaranci a lokacin da makarantun boko suka fara yaye ɗalibai shi ne abin karantawa da sabon rubutun. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, kuma a 1933 hukumar ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wato labaran da marubuci ya ƙirƙiro da basirarsa ba tarihin abin da ya auku ba. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Dalilin gasar ba ɓoyayye ba ne: an lura cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin da zai ja hankalinsa ba, nan da ɗan lokaci karatun zai zube masa.

Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, shi ne ya fi cancanta malamin adabi ya tsaya ya dube shi da kyau, domin tun asali an rubuta shi ne don a karanta a makarantu, amma bai taɓa yin kama da littafin darasi ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas da na gida, ya sake musu tufafi, ya zaunar da su a fada da kasuwa da gona irin na Hausa, har mai karatu ba ya jin baƙuncinsu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda ya ɗaure labaran da labari guda babba. A littafi na farko aku ne yake riƙe ɗan sarki, Musa, da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon da mugun waziri ya ɗana masa, saboda haka kowane labari yana da aiki biyu: yana nishaɗantar da mai karatu, yana kuma jinkirta wani haɗari da mai karatun ya san yana nan tafe. Yaron da ya gama labari ɗaya ba ya iya ajiye littafin, don yana son ya san ko gobe akun zai sake cin nasara. A littafi na uku kuma akun ne, bayan ya zama waziri, yake koyar da ɗansa Fasih dabarun zaman duniya ta hanyar labarai, wato littafin da kansa yana nuna yadda ake koyarwa ba tare da an gundiri mai koyo ba. Akwai hikima da gargaɗi a kusan kowane shafi, amma Imam bai taɓa sa gargaɗin a gaba ya bar labarin a baya ba, kuma wannan ne ya sa dattawan da suka karanta shi a firamare suke iya kawo labaransa da ka bayan shekaru hamsin, ko da yake sun manta yawancin abin da aka koya musu a sauran darussa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa wannan tushe ƙarfi na ɗan lokaci. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Imam a matsayin editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan a shekarun 1950 shirin Yaƙi da Jahilci da hukumar NORLA suka cika lardunan Arewa da ƙananan littattafai masu araha don manya da suka koyi karatu a azuzuwan yamma. NORLA ta tsaya a 1959, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya ɗauki ragamar daga 1966, kuma shi ne ya ci gaba da buga littattafan da makarantu suka daɗe suna dogara da su.

A shekarun 1980 ne al'amarin ya ɗauki wata fuska wadda har yanzu makaranta ba ta gama fahimtarta ba. Shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa da aka ƙaddamar a 1976 ya shigar da dubban yara aji, ciki har da 'yan mata da yawa waɗanda iyayensu mata ba su taɓa zama a benci ba, kuma cikin shekaru goma aka wayi gari da tarin matasa masu iya karanta Hausa. A daidai wannan lokaci tattalin arziki ya tabarbare, darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye daga buga sababbin labarai suka koma ga littattafan darasi da suke da tabbacin sayarwa. Matasan ba su jira kowa ba. Marubuta suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, aka sami Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu irin su Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka kuma kafa ƙungiyoyin marubuta kamar Raina Kama. 'Yan kasuwar littattafai na Kano suka riƙa rarraba su zuwa garuruwan Arewa da ƙetaren iyaka, shagunan haya suka buɗe a unguwanni inda yarinya za ta biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta karɓi littafi ta dawo da shi gobe, gidajen rediyo kuma suka shiga karanta labaran a iska don waɗanda ba su iya karatu ba. Littafi ɗaya yakan zaga gida biyar ko shida har bangonsa ya yage.

Masana sun yi doguwar muhawara a jaridu a kan wannan adabi, wanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano yana sukar ingancinsa, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi a matsayin shaidar cewa al'umma tana karatu. Sukar ba ta rasa hujja ba, domin littattafai da yawa sun fito ba tare da edita ya duba su ba, cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu, wasu kuma kwafin finafinan Indiya ne kawai aka sauya wa sunaye. Sai dai matakin da hukumomi suka fi ɗauka shi ne na hani da ƙwacewa, har a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Abin baƙin ciki a nan shi ne damar da aka yi asararta. An sami ɗaliban da suke ɓoye littafi a ƙarƙashin matashi don tsananin son karanta shi, wato an sami ainihin abin da East da Imam suka yi ta nema, amma maimakon malami ya kama wannan zare ya ja ɗalibar da shi zuwa ga littafin da ya fi wanda ke hannunta, sai aka nuna mata cewa karatun jin daɗi laifi ne, karatun da ake yarda da shi kuwa shi ne wanda ba a jin daɗinsa.

Yau labaran sun ƙaura zuwa waya. Marubuta, yawancinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da manhajar Wattpad, masu karatu suna biya ta banki don a sa su a zauren da ake ci gaba da labarin, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da suke da alƙalami a hannu. Matsalolin da aka gani a littattafan kasuwa sun biyo su nan, wasu ma sun ƙaru, musamman batsa da rubutun da bai san inda ake raba kalma ko haɗa ta ba. Duk da haka, wanda ya ce matashin Bahaushe ba ya karatu bai leƙa wayarsa ba. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa wanda zai kwana yana bin labari a waya yake hamma da zarar an shiga darasin adabi.

Amsar tana cikin yadda darasin yake gudana a makarantun sakandare da yawa. Manhajar Hausa ta kasa adabi gida biyu, adabin baka da rubutaccen adabi, ta kuma raba rubutaccen zuwa zube da waƙa da wasan kwaikwayo, sannan hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO da JAMB sukan zaɓi littattafan da za a nazarta na wasu shekaru. Kayan aikin nazarin sanannu ne: jigo, wato babban saƙon da rubutu ya ginu a kansa, salo, wato hanyar da marubuci ya bi wajen sarrafa harshe don isar da saƙon, zubi da tsari, wato yadda aka jera sassan labari ko baitocin waƙa aka ƙulla su, da taurari, wato mutanen da labarin yake gudana a kansu. Masana kamar Abdulƙadir Ɗangambo da Ibrahim Yaro Yahaya da Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa wajen daidaita waɗannan kalmomi da hanyoyin amfani da su, kuma babu wanda zai musa amfaninsu ga wanda ya riga ya karanta littafi yana son ya gane dalilin da ya sa ya taɓa masa zuciya. Abin da ke faruwa a aji shi ne an juya tsarin. Sau da yawa kwafi ɗaya ne a ajin gaba ɗaya, shi ma na malami ne, wani lokaci ma babu shi sai ɗan littafin taƙaitawa da aka saya a kasuwa. Malami yakan cika allo da bayanin jigo da jerin sunayen taurari, ɗalibai su kwafa, su haddace, su mayar masa a takardar jarrabawa. Ta haka ɗalibi zai iya faɗin cewa jigon Shaihu Umar shi ne bauta da illolinta, ya ci maki cikakke, alhali bai taɓa bin mahaifiyar Umar a tafiyarta ta ratsa hamada tana neman ɗanta ba, bai kuma ji abin da mai karatu yake ji a wannan wuri ba. Wannan kamar a koya wa yaro sunayen kayan miya ne da adadin da ake zubawa, a yi masa tambaya a kai, ba tare da an taɓa zuba masa ya ɗanɗana ba.

Waƙa ce ta fi shan wahala a wannan tsari. Rubutacciyar waƙar Hausa ba don ido aka yi ta ba, don kunne aka yi ta, kuma marubutanta sukan rera ta ne a gaban jama'a ko a rediyo. Aliyu Namangi makaho ne, kuma Imfiraji ta yaɗu ne a bakin masu rerawa a ƙofofin gidaje da kasuwanni kafin yawancin mutane su gan ta a takarda. Aƙilu Aliyu ya shahara da muryarsa kamar yadda ya shahara da alƙalaminsa. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin sun yi tasiri a siyasa da tarbiyya ne saboda an ji su an kuma maimaita su. Kari, wato ma'aunin da ke daidaita dogayen gaɓoɓi da gajeru a kowane ɗango, da amsa-amo, wato sautin da ɗangogi ko baitoci suke ƙarewa da shi, abubuwa ne da kunnen yaron Bahaushe yake kamawa cikin minti kaɗan idan aka rera masa, amma sukan zame masa lissafi mai wuya idan aka fara da zana alamomi a allo. Haka abin yake ga waƙar baka, inda ake ba ɗalibi matanin waƙar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Shata ko Ɗanmaraya Jos a rubuce, babu kotso, babu kalangu, babu kuntigi, babu 'yan amshi, alhali rabin ma'anar tana cikin yadda jagora yake ajiye magana amshi ya ɗauka. A zamanin da kusan kowane malami yake da waya a aljihu, kuma waƙoƙin nan suna samuwa cikin sauƙi, babu uzurin koyar da su a bushe. Wasan kwaikwayo ma haka: Uwar Gulma na Mohammed Sada ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ba sa bukatar dandamali ko kayan ado, rarraba wa ɗalibai matsayi su tsaya a gaban aji ya isa ya tayar da su daga takarda.

Akwai kuma matsalar da ta riga sakandare, wadda idan ba a magance ta ba duk wata dabara ta malamin adabi ba za ta yi aiki ba. Yaron da yake tuntuɓe a kan kowace kalma ba zai so karatu ba, domin ƙarfinsa duka yana ƙarewa wajen haɗa baƙi da wasali, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare, amma aiwatarwar ta yi rauni, kuma makarantu masu zaman kansu da yawa suna alfahari da hana yin Hausa a harabarsu, har da hukunta yaron da aka kama yana yi. Sakamakon shi ne yara masu furta kalmomin Ingilishi ba tare da sun san ma'anarsu ba, waɗanda kuma ba su iya karanta Hausar da suke mafarki da ita ba. Shirye-shiryen koyar da karatun farko da Hausa, kamar Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun dawo da hankali kan koyar da sautin haruffa da karanta gajerun labarai tun daga aji ɗaya, kamar yadda Jamhuriyar Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Inda giɓin ya fi faɗi shi ne bayan wannan mataki. Yaro ɗan shekara tara zuwa goma sha huɗu, wanda ya wuce littafin koyon karatu amma bai kai ga labarin aure da kishi ba, kusan ba shi da sabon abin karantawa da Hausa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun yi wa wannan rukuni hidima a zamaninsu, amma marubutan yau ba su cika waiwayarsa ba saboda kasuwar tana wajen manya, alhali a waɗannan shekaru ne ɗabi'ar karatu take kafuwa ko ta mutu.

Iyayen da suke tsoron karatun Hausa zai rage wa yaro Ingilishi sun cancanci a yi musu bayani cikin girmamawa, domin burinsu na ganin ɗansu ya ci jarrabawa ya sami aiki buri ne na gaskiya. Abin da ya kamata su sani shi ne juriyar zama da littafi, da iya bin zaren labari, da hasashen abin da zai biyo baya, ba su da harshe. Wanda ya same su da Hausa zai tafi da su cikin Ingilishi ko Larabci ko Faransanci. Yarinyar da ta saba gama littafi mai shafi ɗari biyu da Hausa ta fi kusa da gama The Stillborn na Zaynab Alkali ko Things Fall Apart na Chinua Achebe fiye da wadda ba ta taɓa gama littafi ba da kowane harshe.

Gyaran da ke hannun malami bai dogara da kasafin kuɗin gwamnati ba, ko da yake kasafin zai taimaka. Mafi sauƙi kuma mafi tasiri shi ne karatu a bayyane: malami ya ware minti goma a farkon darasi ya karanta wa aji da murya mai rai, yana sauya ta idan Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ne yake magana ko Alhaji Imam, ya kuma tsaya a daidai inda hankalin yara ya tashi, ya rufe littafin sai gobe. Ba sabuwar dabara ba ce, ita ce ta akun Magana Jari Ce, ita ce kuma ta masu karanta labari a rediyo, kuma amfaninta shi ne tana shigar da ɗalibin da karatunsa bai nuna ba cikin daɗin labarin tare da sauran. Bayan an ji labarin ne tambayar jigo da salo take da ma'ana, kuma ya fi kyau ta fito a sigar da ɗalibi zai iya jayayya a kanta: ko Abubakar na Jiki Magayi yana da hujjar ɗaukar fansa bayan mai kuɗi ya raba shi da Zainab, kuma wane ne ya fi cutuwa a ƙarshe. Ajin da aka jefa wa wannan tambaya zai rabu biyu, kowane ɓangare ya koma cikin littafin neman abin kafa hujja, kuma wannan komawar ita ce nazari, ko da ba a ambaci sunanta ba.

Daga nan malami mai hangen nesa zai buɗe ƙofa ga abin da ɗalibansa suke karantawa a waje. Jiki Magayi da In Da So Da Ƙauna, duk da kusan shekaru sittin da ke tsakaninsu, suna magana ne a kan yadda dukiya take shiga tsakanin masoya, kuma ajiye su gefe da gefe zai nuna wa ɗalibi abin da ya sauya a al'umma da abin da bai sauya ba, ya kuma nuna masa bambancin marubucin da yake tattalin kalma da wanda yake sakinta. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, wanda ya bi rayuwar yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, zai tayar da zance a ajin 'yan mata fiye da kowace lacca a kan muhimmancin ilimin mata. Ba ana nufin a shigo da duk abin da ke yawo a waya cikin aji ba ne, domin akwai rubutun da bai dace da yara ba, kuma damuwar iyaye da malaman addini a kan tarbiyya damuwa ce mai tushe. Amma ɗalibar da aka koya wa ta tambayi ko tauraruwar labari ta yi abin da mutum na gaske zai yi, ko marubuciyar ta warware rikicin da ta ƙulla ko kuwa ta kawo haɗarin mota ne don ta huta, ita ce za ta fara ƙosawa da labari maras inganci da kanta, kuma wannan kariya ta fi ƙwace waya daɗewa, don tana tare da ita a inda babu mai sa mata ido.

Samar da littattafan ma yana da hanyar da unguwa ta riga ta gwada. Makarantar da ba ta da ɗakin karatu, ko wadda nata ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, tana iya farawa da akwati ɗaya a kowane aji, mai ɗauke da littattafai ashirin ko talatin da ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka saya, a naɗa ɗalibi ya riƙe rajistar aro kamar yadda mai shagon haya yake yi, a kuma yi musayar akwatunan tsakanin azuzuwa kowane zango. Sharaɗin da ba a so a karya shi ne a bar yaro ya zaɓa da kansa, a kuma ƙyale shi ya mayar da littafin da bai yi masa ba ba tare da an tuhume shi ba. Duk wannan yana komawa ga malamin, domin wanda bai karanta sabon littafi ba tun da ya bar kwalejin ilimi ba zai iya cewa da ɗalibi ga wanda zai dace da kai ba, kuma sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i suna da alhakin yaye malaman da aka saba musu da karatu mai faɗi da karantawa a bayyane, ba haddar ra'ayoyin nazari kaɗai ba.

Hukumomin jarrabawa su ne suke riƙe da linzamin da ya fi ƙarfi, saboda malami yana koyar da abin da ya san za a tambaya. Muddin tambayoyin adabi suna tsayawa a kan sunan mawallafi da jigo da sunan garin da tauraro ya sauka, ɗan littafin taƙaitawa zai ci gaba da wadatar da ɗalibi, kuma babu dalilin da zai sa uba ya sayi cikakken littafi. Idan kuwa aka riƙa kawo wani yanki na labari ko baitocin waƙa a takardar jarrabawa, aka nemi ɗalibi ya bayyana abin da ya gabace shi, da dalilin da ya sa tauraron ya yi wannan magana a wannan wuri, da ra'ayinsa a kan hukuncin da ya yanke tare da hujja daga littafin, to dole makaranta ta nemo kwafi ta sa a hannun yara. Hakan zai bukaci hukumomin su tabbatar, kafin su sa littafi a manhaja, cewa mawallafinsa yana da isassun kwafi a kasuwa a kan farashin da iyaye za su iya biya, su kuma riƙa haɗa tsofaffin littattafan Zariya da zaɓaɓɓu daga cikin na marubutan da suke raye, waɗanda makaranta za ta iya gayyata su zo su karanta wa ɗalibai da bakinsu su amsa tambayoyinsu.